Tsohon da Ya Share wa Jami'a Hanya

Ranar addu'ar uku tabarmi suka kasa a ƙofar gidan Kaka. An aro na masallaci, an aro na maƙwabta, duk da haka wasu a tsaye suka yi gaisuwa suka wuce. Ni ina ciki wajen mata, kusa da taga, ina jin komai. Na Allah muke, wurinsa za mu koma, na faɗa har bakina ya bushe, amma zuciyata ta ƙi yarda. Kaka mahaifin Ummata ne. Katanga guda ce tsakanin gidansa da namu, gajeruwa, ko akuya ba ta ganin girmanta.

Wata tsohuwar Bafulatana ta zo daga tsallaken iyaka, ƙafarta duk taɓo. Ba wanda ya san ta. Ta zauna ta kama hannun Umma ta ce, "Ke ce ɗiyatai? Shi ya nemo mini saniyata shekarar da na rasa miji. Kwana biyu yana duƙe yana bin ta. Da ya kawo ta na ba shi nono, ya ce shi bai shan nono da rana." Umma ta yi dariya da hawaye a fuska, don Kaka ko da tsakar rana ka miƙa masa nono sai ya side ƙwarya. Ya ga dai matar ba ta da wani abin sayarwa ne ran nan.

'Yan napep na ƙaramar tasha suka zo a jere, suka kashe inji tun daga bakin layi, suka turo da hannu don kada su cika wa masu makoki kunne. Sai ga Injiniya, wanda ya tsaya a kan ginin jami'a. Kirista ne, mutumin kudancin Kaduna. Ya tuɓe takalmi ya zauna a gefen tabarma, da aka shafa addu'a ya sunkuyar da kai. An ce da zai tashi ya ce wa kawunnaina, "Na yi makaranta da yawa, amma dattijon nan sau biyu yana sa ni tsugunno kamar ɗan aji ɗaya." Babana yana wurin. Tun ranar rasuwar ba abin da ya fito daga bakinsa sai amsa gaisuwa.

Kafin a yi bakwai hira ta koma kan tsadar gero da maganar iyaka. Ban ga laifin kowa ba, haka rayuwa take. Amma na tsorata, wallahi. Mutumin da duk aikinsa a kan rairayi ya yi shi, bai bar gini ba, bai bar takarda ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Kaka mai bin sawu ne. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A da in dabbarka ta ɓata ko an kwance ta, shi kake fara kira kafin hukuma. Ya zo ya tsuguna ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya miƙe ya kama hanya. Iyaka ba ta dame shi ba. 'Yan duwan, wato kwastan, na can da na nan duk sun san shi, in sun hango shi tafe kai a ƙasa sai su ɗaga masa gora ba tambaya. Yana da wani tsohon kwanon sha a jakarsa, gindinsa duk ya lotsa. In ya sami sawu mai kyau da yake so ya nuna wa masu dabba, sai ya kifa kwanon a kai ya ɗora dutse, kada iska ko kaji su ɓata kafin a zo. Yakan ce, "Ni ban tambayar mutum ina ya tahi. Ƙasa nike tambaya."

Ni kuwa shan inna ta kama ni tun ban yi wayo ba, da rarrafe na girma a tsakar gida. Da hantsi Kaka yakan leƙo ta kan katanga ya dubi ƙasa.

"Amaryata ta je gindin randa sau biyu, ta biya ta ɗakin girki, ta daɗe a bakin tukunyar ƙuli. Mi kika je yi can?"

"Tsoho mai sa ido. Na fasa auren."

"To maido mini goron da na kai."

Haka muke, wasan jika da kaka, kullum sai mun rabu kullum sai mun shirya. Mutane in sun ga ƙafafuna sai su kau da kai. Shi bai taɓa damuwa da ƙafafun ba, inda na je yake dubawa. Da aka samo mini keken guragu, irin wanda ake tuƙawa da hannu, shi ya fi kowa murna, wai yanzu ya sami sawu uku a maimakon jan ciki. Da keken nan na gama sakandare, ta cikin lunguna, ban taɓa hawa kwalta ba.

Filin da ke bayan ƙaramar tasha a da gonar gero ce da burtali a tsakiya. Ta wannan burtalin mutanen da a-kori-kura ke saukewa daga ƙauyukan Kusa da Riko da Daddara suke yankewa su fita babban titi. Wata shekara aka zo da igiya da turaku, aka ce wata jami'a za ta buɗe reshe. Muna kallo gini ya tashi, hawa biyu, fari tas, tagoginsa suna kama rana da yamma. Daga ƙofar gidanmu ana hango shi ta saman itatuwan bedi, wato darbejiya. Nakan zauna bayan la'asar in yi ta kallo har in ga kaina a ciki, ina bin wani dogon baranda mai sanyi, littafi a cinyata, tayar kekena ko ƙara ba ta yi, barandan kuma ba ya ƙarewa. Wani lokaci sai Umma ta taɓa kafaɗata sannan in san an kira magariba.

Sai aka zagaye wurin da katanga, burtali ya mutu. Ƙofa ɗaya aka yi, babba mai fenti, tana kallon titin Katsina. Wanda ya zo da mota daga birni ya huta. Mu da ginin yake bayan ɗakinmu, sai mun fita gari mun hau kwalta, mun bi gefen titin da tireloli da kamiyon dakon kaya na Maraɗi ke sheƙa gudu, sannan mu kai. Ko napep ba shi da wurin tsayawa a can, gefen titin lambatu ne.

A haka sunana ya fito cikin ɗaliban da za a fara da su. Babana direba ne, ya tsufa a hanyar Jibiya zuwa Maraɗi. Ya karɓi takardar ya duba, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu.

"Allah Ya sa albarka," ya ce. "Amma ɗiyata ba ta hawa titin nan da keken hannu. Direban tirela daga can sama ko hango ki ba ya yi. Da hannuna na kwashi mutane a wurin nan."

Na ce to a kai ni a napep. Ya ce a sauke ni ina, tsakiyar kwalta? Na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban iya cewa ƙarya yake ba.

Nan rigima ta tashi, irin wadda sai a gidan Bahaushe. Baba tun da ya auri Umma bai taɓa cin abinci a gaban Kaka ba. In ya hango shi tafe sai ya sake layi, in ba hali ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Surukai ba sa musu baki da baki, don haka Umma ta zama 'yar aike. Ta tsaya a jikin katanga, Kaka yana can, Baba yana nan a kan tabarma, kowa yana jin numfashin kowa.

"Ki ce wa maigidanki," in ji Kaka, "jingine yarinya zai yi a ɗaki kamar buhun gero?"

Umma ta juyo ta ce, "Malam ya ce ko za a sake dubawa."

"Ki ce wa Malam, in an kawo mini ita naɗe a tabarma, shi zai ba uwarta haƙuri?"

Umma ta juya ta ce, "Ya ce yana gaishe ka, zai yi tunani."

"Na ji mi ya ce, ban kurumce ba!" in ji Kaka.

Mako guda ba a miƙa tuwo ta kan katangar nan ba. A ƙarshe Baba ya yanke magana. Ya ce in akwai hanyar da za ta kai ni har cikin aji ban taɓa kwalta ba, kuma ba wanda ya ɗauke ni kamar kaya, in tafi. Ya faɗa ne don ya san babu. Kaka ya ce wa Umma, "Kin ji?" Ta ce ta ji. Ya ce, "To ara mini tsintsiyarki."

Washegari da aka fito sallar asuba aka ga tsoho da gemu fari yana sharar titi. Taɓɗi! 'Yan tasha suka ce tsufa ya taɓa kan mai bin sawu. Bai kula su ba. Ya share rairayin da ke bayan katangar jami'a tun daga tasha har kusurwa, ya mai da shi sumul, ya zagaya ya share gaban babbar ƙofa ma. Da hantsi ya dawo ya tsuguna. Haka ya yi ta yi kullum. Rannan Injiniya ya hango shi daga saman gini ya sauko. Ba na wurin, amma Kaka ya ba ni labarin ya fi sau goma, 'yan napep kuma sun shaida bai ƙara gishiri da yawa ba.

"Dattijo, me ya ɓace maka?"

"Ƙofarka ta ɓace. Ka aje ta inda ba kowa. Tsuguna."

Injiniya da hular kwanonsa ya tsuguna. Kaka ya ɗauki tsinke yana nunawa.

"Wanga takalmin roba ne, leburanka ne, daga tasha ya taho, ya kai katanga ya haura. Wagga mace ce da kaya a kai, dubi yadda dunduniya ta nutse. Mai abinci ce, nan ta tsaya ta yi ɗage ta miƙa ta sama. Wanga kuwa mai takalmi sau ciki ne, ɗan boko, napep ya sauke shi, ya iso nan ya juya hagu ya juya dama, ya bi katanga yana zagi."

"Yaya aka yi ka san yana zagi?"

"Dubi yadda yake dukan ƙasa. Mai salati bai taka ta haka."

Sannan ya nuna masa yadda duk sawun suke taruwa wuri guda, gindin wani bedi, daidai inda tsohon burtali ya bi. Ya ja shi suka zagaya gaban babbar ƙofa. Abin da ke kan rairayin can tayar motar Injiniya ce kaɗai, sai wutsiyar ƙadangare. Injiniya ya yi dariya har ya dafa gwiwa, daga baya ya daina dariyar ya fito da waya ya ɗauki hotuna. Ya ce ba shi da ikon fasa katanga sai ya rubuta wa na sama. Kaka ya ce ya rubuta, shi zai ci gaba da shara.

An daɗe, har na fidda rai, sai ga magina da guduma. Aka fasa katanga a gindin bedin aka yi ƙaramar ƙofa. Kafin ma a sa mata ƙyaure 'yan napep sun dawo da layinsu inuwar wurin, mai shayi ya biyo su, mai ƙosai ta biyo mai shayi. Motocin ƙauye suka fara sauke mutane 'yan taku kaɗan daga ƙofar. Kaka ya dinga tafiya yana buɗa kafaɗa. Ya leƙo ta katanga ya ce, "Amarya, na gina miki jami'a. Sai a sa ranar tarewa."

Ranar da aka gama ya ce in zo ya kai ni. Ina gaba ina tuƙi, yana biye yana amsa gaisuwa kamar ango. Muka iso. An cike ƙasar ciki saboda ruwan damina ta yi tudu, ga kuma lambatu a gindin katanga. Don haka aka yi matakala biyar, masu kyau, da jan tayil. Na tsaya ina kallonsu, shi ma yana kallonsu. Wani ɗan napep ya ce, "Hajiya, mu ɗaga ki da keken mana, mu huɗu ne." Na ce na gode. Ko Baba bai sa sharaɗi ba, ba zan yi shekara huɗu ana ɗaga ni safe da yamma ba. Na karya kan keke na koma gida, Kaka yana bayana, ban ji ya amsa gaisuwar kowa ba.

Baba bai yi ko murmushi ba, cewa kawai ya yi Allah bai nufa ba. Da yamma Kaka ya zo jikin katanga, ba amarya ba wasa.

"Laihina ne," ya ce. "Na karanta ƙafar duk wanda ya zo. Ke ba ki zo ba, shi ya sa ban gan ki ba. Katanga guda tsakanina da ke, na tahi ina duban sawun baƙi."

Ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure a kan ƙasa ba sai ran nan. 

Da gari ya waye ya sake shara, ya dawo ya buga mana ƙofa. Ya ce in zo in yi abin da na yi jiya. Na fusata. Na ce in je a sake taruwa ana kallona? Ya ce, "Ba ke za a kalla ba." Na je ina huci, na kai gindin matakala, na juyo. Da na ɗan yi nisa na waiwaya, sai na ga abin da yake nufi. Layi uku sun taho a kan rairayi mai laushi, sun kai bakin jan tayil, sun lanƙwasa sun koma. Ya fito da kwanon nan da ya yi shekaru bai fita daga jaka ba, ya kifa shi a kan lanƙwasar, ya ɗora dutse, ya zauna a gefe yana kore mutane da sanda. Hadari ya taso, aka yi yayyafi a kansa, ya tuɓe babbar rigarsa ya rufe sauran layin. Sai azahar Injiniya ya zo.

Kaka ya ɗaga kwano ya ce, "Karanta."

Injiniya ya tsuguna karo na biyu. Ya bi layin da ido daga inda ya taho har inda ya juya. Ya ɗago ya dubi Kaka.

"Wace ce?"

"Matata ce. Ɗalibarku."

Injiniya ya cire hular kwano ya riƙe a hannu. Ya ce, "A babbar ƙofa mun yi gangara saboda masu keke, tana cikin zane. Wannan da gaggawa muka yi ta. Ban tuna ba, Dattijo."

"Ni ma ban tuna ba," in ji Kaka, "kuma ni jikata ce."

Yayyafin nan shi ya sauka masa a ƙirji. Ya kwanta, aka kai shi asibiti aka dawo da shi, tari ya ƙi tafiya. Daga ɗakinsa in iska ta juyo ana jin ƙarar shebur ɗin magina masu yin gangara a ƙaramar ƙofa. Kullum in na shiga tambayarsa guda ce, "An zuba?" In ce ana kan yi. Wani lokaci yakan lumshe ido yana magana da shanun da suka mutu tun kafin a haife ni, yana kiran sunayen rafuka da gangare na can tsallake, yatsansa yana zane a kan bargo. Ranar Alhamis na ce masa an zuba siminti, an rufe da jiƙaƙƙun buhuna. Ya buɗe ido ya ce, "Amarya, in kin kama hawa kada ki waiwaya, ki karkata mini layi." Na ce tsoho har yanzu sa ido. Ya yi murmushi. Bayan la'asar ya cika.

Kwana goma sha ɗaya da rasuwarsa aka fara karatu. Takardata tana wurin Baba, bai ce je ki ba, bai ce kada ki je ba, ni kuma ban sami bakin tambaya ba. Da safe na yi wanka na sa hijabi na zauna a kan keke a tsakar gida, ban san ko ina da wurin zuwa ba. Baba ya fita tun asuba. Umma ta yi ta zagaye tana neman tsintsiyarta tana mita, can sai ta tsaya cik, ta leƙa waje, ta dawo ta ce, "Tafi mana, me kike jira?"

Daga ƙofar gidanmu har tasha, daga tasha har gindin bedi, an share hanya. Mummunar shara ce, a karkace, nan an kwashe rairayi nan an tara, aikin wanda bai taɓa riƙe tsintsiya ba. 'Yan napep suna tsaye a gefe, ba wanda ya taka. Baba yana gindin bedi, hannu ɗaya a baya yana ɓoye tsintsiya, kanta ya leƙo ta gefen rigarsa. Ya miƙo mini takardata, ta yi laushi saboda zaman aljihu. Ya ce, "Yi sauri, kin makara."

Na kama gangara. Idona ya cika, amma ban waiwaya ba.

Da na fito da yamma ɗaruruwan ƙafafu sun tattake sharar, ba abin da ya rage. Sai a gindin gangarar, ga kwanon Kaka a kife da dutse a kai, ɗalibai suna ratse shi suna wucewa. Mai shayi ya ce Baba ne ya kifa, ya kuma ce kada kowa ya taɓa.

Na isa gida na tarar da Baba a kan tabarmarsa, inda ya zauna ranar rigima. Ya dube ni, ya dubi tayar kekena, sannan ya dubi gajeruwar katangar nan. Ya yi gyaran murya ya ce wa Umma, "Ki ce wa Malam ta shiga."

Duk tsawon rigimarsu ba saƙon da Umma ta taɓa kaiwa yadda aka ba ta shi. Ta ajiye ludayi, ta je ta dafa katanga, ta fuskanci tsakar gidan da ba kowa sai takalmansa a bakin ƙofa.

"Malam," ta ce, "ta shiga."

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yafe masa, Ya sa ya tarar da tasa hanyar a share.